Buɗe toshewar jijiyoyin jinin ƙafa ba tare da babbar tiyata ba

Wannan hanya ce da likitoci ke bi ta cikin jijiya su buɗe inda ta toshe, domin jini ya koma ƙafa. Ana yin ta ga masu toshewa mai tsanani, inda ƙafa ke ciwo ko mutum yana kwance, musamman da dare, ko gyambo ya ƙi warkewa, ko yatsu su fara ruɓewa. Kitsen da ke taruwa a bangon jijiya ne ke jawo toshewar, kuma ta fi kama masu ciwon sukari, masu shan taba, masu ciwon ƙoda da tsofaffi. Idan aka yi jinkiri, sau da yawa sai an yanke ƙafar.

Yadda ake yi

Ana yin allurar kashe zafi a matsematsi, a huda jijiya, a zura siririyar waya da bututu. Likita yana bin tafiyarsu a na'urar hoto bayan an zuba ruwan da ke bayyana jijiya. Da wayar ta ratsa wurin toshewar, sai a hura ƙaramin balan-balan ya faɗaɗa hanyar. Idan jijiyar ta nemi sake tsukewa, akan bar ragar ƙarfe mai suna sitent a ciki. Akwai balan-balan mai ɗauke da maganin paclitaxel da ke rage sake toshewa, akwai kuma na'urar da ke kankare kitsen da ya taurare.

Tarihi

Likita Charles Dotter ne ya fara yin aikin a Oregon ta Amurka a ranar 16 ga Janairu 1964, ga wata tsohuwa mai shekara 82 da ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa. A 1974 Andreas Grüntzig ya yi amfani da balan-balan a jijiyar ƙafa a Zurich.

Amfani da haɗari

Majinyaci kan koma gida a ranar ko washegari, abin da ya sa hanyar ta fi dacewa da marasa ƙarfi. Sai dai jijiyar kan sake toshewa, wurin hudar kan yi zubar jini, ruwan hoton kuma yana iya taɓa ƙoda. Ba koyaushe ta fi tiyata ba: binciken BEST-CLI na 2022 ya nuna cewa masu lafiyayyiyar jijiyar ƙafa da za a iya ɗinka musu sabuwar hanya da ita sun fi samun sakamako mai kyau da tiyatar. Bayan aikin ana ci gaba da shan asfirin ko clopidogrel da maganin rage kitse, a daina taba, a riƙa duba ƙafa kullum.