Sarkin Musulmi Attahiru da Gidansa

Mu mutanen Mandera mun san Sifawa, ga ta nan kusa da mu a ƙasar Boɗinga. A nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Yau za mu karanta labarin wani jikan ɗansa, wanda ya mutu a fagen yaƙi.

Sunansa Muhammadu Attahiru. Ubansa Ahmadu ɗan Atiku, kakansa Atiku ɗan Shehu. Dukansu biyu sun yi sarautar Musulmi. Shi kuma an naɗa shi a 1902.

Bai yi wata shida bisa gado ba sai Turawan Ingila suka iso. Ran 15 ga Maris 1903 aka gwabza a Giginya, bayan garin Sakkwato. Mutanenmu suna da dawaki da takubba da kibau, Turawa kuwa suna da bindiga mai ruwa. Ba a daɗe ba aka watse.

Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashin Turawa. Ya kama hanyar gabas da niyyar hijira zuwa Makka. Talakawa da malamai da sarakuna suka bi shi, har da mata da yara. Turawa suka bi sawunsu har Burmi, a ƙasar Gombe. Ran 27 ga Yuli 1903 aka yi yaƙi mai tsanani. Attahiru ya faɗi a nan tare da ɗaruruwan mutanensa. Babban hafsan Turawa, Manjo Marsh, shi ma ya mutu.

To, ina labarin iyalinsa? Gidan ya rabu biyu.

Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya tsira. Ya ja sauran jama'a suka ci gaba da tafiya har ƙasar Sudan. Suka zauna a bakin kogin Nilu, kusa da Sinnar. Garin da suka kafa, har yanzu Mai Wurno ake ce da shi, jikokinsu suna can.

Ɗan'uwansa kuwa, Muhammadu Maiturare, Marafan Gwadabawa, shi ma ya yi yaƙin Giginya, amma ya zauna gida. A 1915 ya zama Sarkin Musulmi, ya yi sarauta har 1924.

Kun ga aikin yaƙi ke nan. Ya bar uba a Burmi, ɗa a Sudan, ɗan'uwa a Sakkwato. Mun san wannan domin an rubuta shi. Talakawan da suka bi Attahiru fa? Yawancinsu sunayensu sun ɓace.

Yanzu kun iya rubutu. Ku tambayi tsofaffin gidanku ko akwai wani naku da ya tafi yaƙi bai komo ba. Ku rubuta sunansa, da na matarsa, da na 'ya'yansa, ku ajiye.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka yi yaƙin Giginya?
2. Wa ya kai jama'a Sudan?
3. Wa ya zauna gida?