Banila: Shukar Da Ke Hawa Bishiya

Duk wanda ya ci kek ko ya sha askirim a Yelwa ta Bauchi ya san ƙamshin banila, amma kaɗan ne suka taɓa ganin shukar. Galibin ƙamshin nan ma haɗin masana'anta ne.

Banila shuka ce mai yaɗo daga dangin furannin okid, kuma ire-irenta sun haura 100. Wadda ake nomawa asalinta ƙasar Meziko ne, wasu 'yan uwanta kuwa suna dazuzzukan kudancin Nijeriya. Gane ta ba wuya: kara kore mai kauri, ganye mai tsoka, kowace gaɓa da saiwar da take kama bishiya da ita. Furenta ba ya wuce yini guda a buɗe, 'ya'yanta dogaye kamar kwanson wake sukan nuna cikin kimanin wata tara.

A shekarar 1841 ne wani yaro bawa, Edmond Albius, ya gano hanya mai sauƙi ta yi wa furen barbara da hannu a tsibirin Reyuniyon. Da wannan dabara Madagaska ta shiga gaba wajen nomanta.

Manomin da tsadarta ta ja hankalinsa sai ya yi hattara: banila inuwa da laima take so, ba ta jure dogon rani da hunturun Bauchi.