Ijtihadin Tafinta da Amanar Mai Haɗa Manhaja

Duk manhajar da aka rubuta da harshen C, kafin kwamfuta ta yi aiki da ita, lalle ne ta bi ta hannun wani tafinta, irin su GCC ko Clang, wanda ke juya ta zuwa lambobin da na'ura ke ganewa. Kuma shi tafintan nan, in an sake masa linzami, ba ya tsayawa ga juyi, sai ya shiga ijtihadi, ya goge abin da ya ga ba shi da fa'ida, ya sake jera lissafi, duk domin neman sauri.

Asalin mas'alar kuwa shi ne, akwai wuraren da ƙa'idar harshen ta yi shiru ba ta yanke hukunci ba, shi kuma tafinta sai ya ƙaddara cewa marubuci ba zai taɓa taka wurin ba, ya gina ƙiyasinsa a kan haka. A shekarar 2009 an ga sakamakon wannan a cikin Linux 2.6.30, inda marubuci ya yi amfani da wani adireshi kafin ya bincika ko fanko ne, sai GCC ya ɗauka tun da an riga an taɓa shi ai ba fanko ba ne, ya share binciken ɗungurungum, har wani mai suna Brad Spengler ya nuna yadda za a bi ta kafar a ƙwace ikon na'ura. Abin tsoron shi ne, idon mai karanta rubutun yana ganin kariyar tana nan.

Abin da ya fi damuna shi ne alamar -Ofast, ɗaya daga cikin alamomin da ake sake wa tafinta linzami da su, domin ita da gangan take saɓa wa ƙa'idar lissafi. A 2022 wani mai suna Brendan Dolan-Gavitt ya gano cewa wasu ƙunshin Python, ciki har da gevent, da aka haɗa da irin wannan alama, da zarar an loda su sai su sauya halin lissafin shirin baki ɗaya, ƙananan lambobi na kusa da sifiri su koma sifiri, alhali mai lissafin bai sani ba, bai kuma nema ba.

Mai haɗa manhaja domin jama'a amana ce a wuyansa, gama dubban na'urorin da bai taɓa gani ba za su dogara da zaɓinsa. Saboda haka ina kira gare shi ya tsaya a alamar -O2, kada ya wuce sai ya auna ya ga ribar da idonsa, ya kuma sake gwada ƙunshin bayan haɗawa.