Notin da Ya Ɗauki Gada Biyu

Da yammacin Juma'a, 17 ga Yuli, 1981, mutane kusan 1,600 suna bikin rawa a falon otal ɗin Hyatt Regency na Kansas City a Amurka, sai gadojin tafiya biyu da ke rataye a samansu suka rikito. Ta hawa na huɗu ta faɗa kan ta hawa na biyu, duka suka danne jama'a. Mutum 114 suka rasu, fiye da 200 suka ji rauni. Shekarar otal ɗin guda ke nan da buɗewa.

Da farko masu rawa aka zarga, wai girgizar ƙafafunsu ce ta jawo. Hukumar ma'aunai ta gwamnatin Amurka ta gwada, ta ce a'a: nauyin mutanen da ke kan gadojin bai kai ko kusa da abin da doka ta ce su iya ɗauka ba. Ba a kuma ɗora laifin kan ingancin ƙarfen ba.

Sai aka ɗaga kai sama. Ga rodunan da ke riƙe da gada ta huɗu suna reto daga rufi, kowanne da notinsa, ba su karye ba. Ƙarfen da ke kwance ƙarƙashin gadar ne ya buɗe ta bakin walda, ya zame ya bar notin. To, me ya matsa masa haka?

Injiniya Wayne Lischka, wanda jaridar Kansas City Star ta ɗauko, ya gwada ɓaraguzan da zanen asali. A zane, rodi ɗaya dogo ne ya taso daga rufi, ya ratsa gada ta huɗu har ta biyu. A ginin kuwa an raba shi biyu, aka rataya gadar ƙasa a jikin ta sama. Kamar mutum biyu ne a igiyar rijiya: in kowa ya kama igiyar, hannunsa nauyinsa kaɗai ya ɗauka, in na ƙasa ya kama ƙafar na sama, hannun na sama ya ɗauki mutum biyu. Nauyin da ke kan notin ya ninka.

Kamfanin ƙarfe na Havens ne ya nemi canjin, don dogon rodin na da wuyar haɗawa. Neman sauƙi ba laifi ba ne ga maƙeri. Abin da ke ci mini rai shi ne takardun sun je ofishin injiniyoyin, suka dawo da hatimi, ba wanda ya zauna ya yi lissafin da ɗalibi zai gama kafin shayinsa ya huce. Ko zanen asalin ma kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin da dokar birnin ta nema kawai ya kai.

Kowane ɓangare ya ce ya ɗauka ɗayan ya duba. Hukumar da ke ba injiniyoyi lasisi a jihar Missouri ba ta karɓi wannan uzuri ba, domin mai hatimi shi ke da alhakin ginin. A 1986 ta ƙwace lasisin injiniyoyin ginin, Jack Gillum da Daniel Duncan.