Gurasar Ƙirshi Biyar: Wa Ke Biyan Bashin Masar?

Duk wanda ya taɓa zagaya Wustul Balad, wato tsakiyar birnin Alƙahira, zai gaya maka cewa unguwar ba ta yi kama da sauran garin ba. Tituna ne miƙaƙƙu masu haɗuwa a shataletale, da benaye masu baranda irin na Faris, ko da yake ƙura da hayaƙin mota sun dusashe su. Khidiwi Isma'il, wanda ya mulki Masar daga 1863 zuwa 1879, shi ya shata wannan unguwa don Turawa su zo su ga cewa shi ma ya waye. Da kuɗin bashi ya yi wannan aiki da sauran manyan ayyukansa. A 1875 talauci ya sa ya sayar wa Ingila da hannun jarin Masar na mashigin Suez a kan fam miliyan 4 na Ingila, a 1876 biyan bashi ya gagara, masu bin bashi suka kafa hukumarsu a cikin ƙasar suna karɓar kuɗin shiga kai tsaye. Manoman karkara, waɗanda ko hanyar unguwar ba su sani ba, su aka tatsa da haraji da bulala. A 1882 sojan Ingila ya shigo ya zauna.

Na kawo wannan tarihi ne saboda a cikin waɗannan titunan nake bi kullum in zan tafi makaranta, kuma tambayar da aka yi a zamanin Isma'il ita ake yi har yau: idan gwamnati ta ce aljihu ya yi zafi, a kan wa za a ɗora nauyin? Mu da muka tashi a Jidda ko Khartum ko Landan, iyayenmu na aika kuɗi gida duk wata, mun san amsar da aka bayar a Najeriya, don tun daga 2023 waya ba ta daina ƙara ba. To bari in ba ku labarin yadda abin yake a nan, ta hanyar gurasa.

Misirawa suna kiran gurasarsu "aish", kalmar da asalinta ke nufin rayuwa. Wadda gwamnati ke tallafawa sunanta "aish baladi", zagayayya ce mai dusa, ƙanwar gurasarmu ta Jakara sai dai ta fi ta kumburi. Da sassafe a wajen kasuwar Babul Luƙ za ka ga samari a kan keke, hannu ɗaya a kan sitiyari, ɗaya riƙe da doguwar tire ta katako a ka, suna ratsa motoci da ita. Kimanin mutum miliyan 70 ne ke da haƙƙin saye a farashin tallafi, kowa guda 5 a rana. Daga ƙarshen shekarun 1980 har zuwa 2024 farashin bai motsa ba: ƙirshi 5, kuma ƙirshi 100 ne ke yin fam ɗaya. Mu baƙi ba mu da katin, namu shi ne wanda suke kira "aish siyahi", gurasar 'yan yawon buɗe ido, ko da kuwa ɗalibin da ke saye bai taɓa leƙa dala ba.

Me ya sa shugaba bayan shugaba ya ji tsoron taɓa wannan farashi? Saboda Janairun 1977. Gwamnatin Anwar Sadat tana neman rance daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, sai ta sanar da rage tallafin kayan masarufi. Ranakun 18 da 19 ga wata mutane suka fito daga Iskandariyya har Aswan, dandalin Tahrir ya cika, aka kashe fiye da mutum 70, aka fito da soja, gwamnati ta janye matakin. Ko a 2011, da aka taru a wannan dandalin don korar Husni Mubarak, kalmar farko a bakin masu zanga-zanga gurasa ce, kafin 'yanci da adalci.

Saboda haka sai aka koma bi ta bayan gida. A Agustan 2020 aka rage nauyin gurasar daga giram 110 zuwa 90, farashi yana nan. A 2021 Shugaba Abdul Fatah al-Sisi ya fito ya ce bai dace a riƙa sayar da gurasa 20 a kan kuɗin karan sigari ɗaya ba. Sannan ranar 1 ga Yunin 2024 farashin ya tashi daga ƙirshi 5 zuwa 20, wata uku bayan an saki darajar fam ta faɗi daga kusan 31 zuwa kusan 50 a kan dala, IMF kuma ta faɗaɗa rancenta zuwa dala biliyan 8. Firayim Minista Mustafa Madbuli ya kafa hujja da cewa kowace gurasa tana cin gwamnati fam 1 da ƙirshi 25, kuma Masar na cikin ƙasashen da suka fi kowa sayen alkama daga waje. Ba ƙarya ya yi ba.

Amma mu yi lissafin 'yan kasuwar Kwari. Magidanci mai iyali biyar yana karɓar gurasa 25 a rana, 750 a wata. Da yana biyan fam 37 da rabi, yanzu 150. Wani zai ce ai wannan ba komai ba ne a kan mafi ƙarancin albashi na fam 6,000 da ake biya a 2024. To amma mutumin nan ya fito ne daga shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 38 cikin 100, a Satumban 2023, kuma tikitin jirgin ƙarƙashin ƙasa da yake hawa a tashar Sadat, wanda fam 1 ne har zuwa 2017, mafi arha ya koma fam 8 a Agustan 2024. Ga wutar lantarki, ga iskar gas. Gurasar ce abu ɗaya da ya rage masa wanda bai canza ba.

Ita kuma gwamnati me ta samu? Ana gasa kusan gurasa biliyan 100 a shekara. Ka ninka da ƙarin ƙirshi 15, ka sami wajen fam biliyan 15. A kasafin kuɗin 2024/2025 kuwa, ruwan bashi kaɗai, ban da uwar kuɗin, an ware masa sama da fam tiriliyan 1.8, kusan rabin duk abin da gwamnati za ta kashe. Raba shi gida 365, ya kama fam biliyan 5 a rana. Wato duk abin da aka tara daga kwanon mutum miliyan 70 a shekara guda, masu bin bashi za su lashe shi cikin kwana uku. Kai jama'a!

A nan ne nake rabuwa da wasu abokan karatuna masu cewa ba yadda za a yi. Akwai yadda za a yi, kuma ita kanta Masar ta gwada ta fasa. Idan ka bar shataletalen Tal'at Harb ka shiga titin Sharifain za ka tarar da tsohon ginin kasuwar hannun jari. A 2014 gwamnati ta sa harajin kashi 10 cikin 100 a kan ribar da ake ci a wannan kasuwa, ta kuma ƙara kashi 5 na wucin gadi a kan duk wanda kuɗin shigarsa ya haura fam miliyan 1 a shekara. Masu hannun jari suka yi ƙorafi, ciniki ya ja baya, a Mayun 2015 aka dakatar da harajin ribar, daga nan aka yi ta ɗaga shi shekara bayan shekara. A wannan shekarar aka soke ƙarin kashi 5 ɗin, aka kuma sauko da harajin manyan masu samu zuwa kashi 22.5. Ba a fito da soja ba, ba wanda ya mutu, ƙorafi kawai suka yi aka ji su. Shekara ɗaya bayan haka, a 2016, aka shigo da harajin VAT a kan kaya, kashi 13, ya koma 14 a 2017, wanda mai gadi da mai gidan suke biya daidai wa daida in sun sayi sabulu. Daga baya an ɗaga harajin manya zuwa kashi 27.5 a 2023, a yaba musu, amma sai da aka gama da na ƙasa tukuna.

Ga kuma gidaje. Ƙidayar 2017 ta nuna akwai gidaje fiye da miliyan 10 a rufe ba kowa a ciki, da yawansu masu kuɗi ne suka saya suka ajiye don gudun faɗuwar fam. Akwai dokar harajin gidaje tun 2008, amma abin da take kawowa ɗan kaɗan ne a cikin kuɗin shigar ƙasa. Gida ba ya guduwa Dubai, ba a ɓoye shi a ƙarƙashin katifa. In ana neman harajin da ba zai taɓa talaka ba, ga shi nan a tsaye da bulo da siminti.

Sai maganar inda bashin ya tafi. A Maris ɗin 2015 aka sanar da gina sabon babban birni a cikin hamada, kimanin kilomita 45 gabas da Alƙahira, wanda aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 58, da hasumiyar da ta fi kowace tsawo a Afirka. Hukuma na cewa da kuɗin sayar da filaye ake gina shi, ba da kasafi ba. Ko da mun karɓi wannan, jiragen da za su kai mutane can da rancen waje aka yi su, kuma filin ma dukiyar jama'a ce. Ma'aikatu sun tattara sun koma can. Mugamma, katafaren ginin nan na dandalin Tahrir inda yayyenmu ɗaliban Azhar suka sha layin sabunta iƙama shekara da shekaru, an kwashe ma'aikatansa an miƙa shi ga asusun zuba jari na ƙasa don a mai da shi otal. Kundin tsarin mulkin 2014 kuwa ya wajabta kashe aƙalla kashi 3 cikin 100 na arzikin ƙasa a kan lafiya, kashi 4 a kan ilimi, kuma ƙungiyar kare haƙƙi ta EIPR ta sha nuna cewa abin da ake kashewa a zahiri bai kai ba. Khidiwi Isma'il da zai dawo, ina jin zai gane wurin.

Kada a ce ɗan Kano ya zo ƙasar mutane yana zaginsu, akwai abin da suka yi wanda ya kamata mu kwafa. A 2014 suka shigo da kati mai na'ura don sayen gurasa. Kafin nan gwamnati fulawa take ba masu gidajen gasawa a farashi mai rahusa, wani kaso ya bi dare zuwa kasuwar bayan fage, mutane su kwana a layi. Yanzu sai an sa kati an cire gurasa ake biyan mai gasawa, kuma wanda bai cinye rabonsa ba ana mayar masa da maki ya karɓi mai ko shinkafa. An toshe ɓaraka ba tare da an ƙwace abincin kowa ba. Dokar inshorar lafiya ta bai-ɗaya ta 2018, wadda aka fara aiki da ita a Fot Sa'id a 2019, an nemo mata kuɗi daga kan kwalin sigari da kuma kashi 2.5 cikin 1,000 na cinikin kamfanoni. Mafi burge ni shi ne yaƙi da ciwon hanta nau'in C, wanda a da Masar ta fi kusan kowace ƙasa fama da shi. Daga Oktoban 2018 aka gwada jinin kusan mutum miliyan 50 cikin wata 7, aka ba masu ciwon magani kyauta, maganin da kamfanonin cikin gida suke haɗawa da arha. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Masar shaidar da ba ta taɓa ba wata ƙasa ba a kan wannan ciwo. Da rancen Bankin Duniya a cikin kuɗin aikin. Ashe bashi ma suna ya tara.

Mu dawo gida. Ranar 29 ga Mayun 2023 Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Ni ban yi kukan tallafin kansa ba, don mai mota uku ya fi mai keke cin moriyarsa, ga kuma na 'yan fasa-ƙwauri. Abin da ya dame ni shi ne tsari. Masar ta fara shirin Takaful da Karama na ba matalauta kuɗi a 2015, kafin ta saki fam a Nuwamban 2016, kuma duk da haka mutane sun ji jiki. Mu kuwa an cire tsani ne muna sama, sannan aka fara tambayar ina rajistar matalauta. Abin da ya biyo baya a Kano a Agustan 2024 kowa ya gani.

Kuma ba sai mun zo Masar koyon adalcin haraji ba. Iyayenmu suna ba da labarin yadda Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979, saboda kuɗi ne da ake karɓa a kan kai da kan saniya, ba a duba abin da mutum ya samu ba. Sababbin dokokin harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun yafe wa duk wanda samunsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba, wannan kuma ya yi kama da wancan tunani. Rabin aikin ke nan. Ɗaya rabin yana Maitama da Asokoro da Nassarawa GRA, inda gidaje suke a kulle da maigadi a ƙofa, kamar dai na Alƙahira, kuma harajin filaye da gidaje a hannun jihohi da ƙananan hukumomi yake, ba sai gwamna ya jira Abuja ba.