Gina Sabon Gida a Tsakanin Tsofaffin Bishiyoyin Nassarawa GRA

Duk wanda ya sayi tsohon fili a Nassarawa GRA, ya sayi inuwar darbejiya da maɗaci waɗanda wasunsu tun zamanin Turawa aka dasa su. Abin takaici, aikin farko da akan ba leburori shi ne sare su, a malale tsakar gida da siminti. Idan Afrilu ta zo, zafi ya haura digiri 40, kuɗin man janareta kan nuna irin asarar da aka tafka.

Gwanin zanen gida yakan fara auna mazaunin kowace bishiya kafin ya tsara ɗakuna. Dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa, bishiyoyi kuma su tare ranar yamma, wadda ta fi gasa ɗakin kwana. Sai a bar tazara tsakaninsu da harsashin gini da ramin masai, domin saiwa danshi take bi.

Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, yana nan cikin Nassarawa. Mai niyyar gini ya shiga cikinsa da tsakar rana, ya ji sanyin da kaurin bangon ƙasa yake riƙewa.