AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Motar Da Mutum Ke Haɗa Abarsa A Gida

TAMBAYA: Wannan wasiƙa ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu a Kaduna, wanda ya ce shi bakanike ne kuma yana taɓa walda. Ya ce ya ga hoton wata 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu, ba rufi ba ƙofa, tayoyinta na gaba a waje kamar na motar tsere, aka kuma ce masa wai mai ita ne ya haɗa abarsa da hannunsa a gida. Yana so mu gaya masa ko gaskiya ne, yaya ake yi, yaya ake kula da ita, kuma shin shi ma zai iya?

AMSA: To Malam, mun gode da wasiƙarka, Allah ya bar zumunci. Abin da aka gaya maka gaskiya ne. Bisa ga yadda ka kwatanta ta, motar da ka gani ko dai Lotus Seven ce ko kuwa ɗaya daga cikin jikokinta, don kuwa tana da su da yawa.

Asalin wannan mota ƙasar Ingila ne. Wani injiniya mai suna Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus, shi ya fito da ita a shekarar 1957. A wancan zamani gwamnatin Birtaniya tana ɗora haraji mai nauyi a kan sabuwar mota, amma in an sayar da ita gunduwa-gunduwa cikin akwatuna, mai saye ya je ya haɗa da kansa, to babu wannan haraji. Ka ga dalili ke nan. Har ma ana ba da labari cewa doka ta hana a haɗa wa mai saye da takardar yadda zai harhaɗa motar, sai kamfanin ya riƙa ba da takardar yadda ake wargaza ta, mutum ya karanta daga ƙasa zuwa sama. A 1973 aka kawo sabon tsarin haraji na VAT, wannan sauƙi ya ƙare, Lotus kuma ya sayar da haƙƙin ƙera motar ga wani dillalinsa, Graham Nearn, na kamfanin Caterham. Har yau Caterham na ƙera ta, kuma har yau in ka so za su kawo maka ita a akwatuna. Kai da ke Kaduna abin ba zai yi maka baƙo ba, tun da haka aka riƙa kawo Peugeot 504 a warwatse daga Faransa ana haɗawa a garinku tun 1975. Bambancin kawai, a nan ma'aikatar ita ce garejin gidan mutum, ma'aikacin kuma shi kaɗai ne, sai fa in ɗansa ya riƙe masa fitila.

Kafin mu shiga batun haɗawa, akwai abu ɗaya da ya kamata ka riƙe, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya. Sirrin wannan mota rashin nauyi ne. Yawancinsu ba su wuce kilo 500 zuwa 600 ba, wata ma da Caterham ya fitar a 2021, mai ɗan ƙaramin injin Suzuki na 660cc, kilo 440 ce kacal. Ita kuwa 504 ta kusa kilo 1,200. Yi lissafi da kanka: injin da ke da ƙarfin doki 100 in aka sa shi a motar kilo 500, sai an sami mai ƙarfin doki 240 kafin motar kilo 1,200 ta yi daidai da ita wajen tashi. Ban da wannan, mota marar nauyi ba ta wahal da burki, ba ta cin taya, ba ta shan mai, kuma tana shan kwana kamar kurciya. Saboda haka duk abin da za ka ɗaura mata, ka fara tambayar kanka, kilo nawa ne wannan?

Hanyoyin samunta iri biyu ne. Ta farko ita ce ta mai kuɗi. Ka saya daga kamfani, a kawo maka shasi an riga an yi waldarsa, an manna masa fallayen alminiyon, an ja wayarin da bututun burki. Kai naka shi ne ka ɗaura ƙafafu da shokozoba da sitiyari, ka zura inji da giyabos, ka haɗa farfela da aksul na baya, ka sa lagireto da salansa da fitilu da kujeru. Wanda ya iya riƙe sufana yakan gama cikin 'yan makonni ko 'yan watanni, yana yi da yamma da ranakun hutu.

Ta biyu ita ce ta talaka, kuma ina jin ita ce ta fi kusa da zuciyarka. A 1996 wani Bature mai suna Ron Champion ya wallafa littafi inda ya nuna yadda mutum zai yanka ƙarfe ya yi shasin da kansa, sa'an nan ya sayi tsohuwar Ford Escort ya kwashe injinta da giyabos da aksul da burki ya ɗora a kai. Ya ce fam 250 ta isa. Waɗanda suka gwada dai sun kashe ninkin-ba-ninkin haka, amma littafin ya karɓu ƙwarai, har aka raɗa wa irin waɗannan motoci suna Locost, wato mai araha. Da tsofaffin Escort suka yi wuya sai aka koma Ford Sierra, daga baya kuma Mazda MX-5. Abin da ya haɗa su duka shi ne injinsu a gaba yake, a miƙe, kuma tayoyin baya ke ja. Motar da tayoyin gaba ke ja, irin Golf ko ƙananan Toyota na yanzu, giyabos ɗinta ba zai yi maka wannan aiki ba.

To bari mu ɗan daɗe a kan shasi, tun da ka ce kana walda. Shi wannan shasi ba irin na babbar mota ba ne mai dogayen ƙarafa biyu masu kauri. Keji ne na siraran bututun ƙarfe masu kusurwa huɗu, faɗin inci ɗaya, kaurin bangonsu wajen milimita 1.6. In ka ɗauki guda ɗaya sai ka raina shi. Ƙarfinsa yana cikin yadda aka jera su ne. Ka lura da kafinta in ya yi ƙyauren katako: in ya bar shi kusurwa huɗu kawai, kwana kaɗan sai ya saki ya karkace, amma da ya gilma masa katako ɗaya daga wannan lungu zuwa wancan, shi ke nan ya tsaya. Haka shasin yake, ko'ina kusurwa uku-uku ne. Kada ka cire ko da guda ɗaya daga cikin masu gilmawar nan don wai ya tare wa kafireto hanya. In dole ne a matsar da shi, sai a nema masa madadi.

Kafin ka yanka ƙarfe ko ɗaya, ka fara yin teburin aiki mai shimfiɗa sumul, ka zana shasin a kansa. Ka ɗiɗɗiga walda kaɗan-kaɗan tukuna, ka auna daga lungu zuwa lungu ta ɓangarorin biyu, sai awon ya zo ɗaya sa'an nan ka cike. Wajen cikewar ma kada ka gama gefe ɗaya ka koma ɗayan, ka riƙa yi nan kaɗan can kaɗan, domin zafi yana jan ƙarfe, in ka yi gaggawa sai ka tarar shasin ya murɗe, motar ta riƙa tafiya a karkace kamar kaguwa. Waldar lantarki ta sanda, wadda muka saba yin ƙofa da taga da ita, tana saurin huda bututu siriri irin wannan. Masu wannan aiki sun fi amfani da injin walda mai tura waya da iskar gas. Sa'an nan don Allah ka guji bututun ruwa mai farin shafe, hayaƙinsa guba ne in ana walda, ka kuma guji sakon bututun da ake yin kujeru da gadaje. Ni dai a ganina, kafin ka taɓa shasin, ka yi waldar gwaji goma, ka ɗaure kowace a bais ka yi ta dukanta da guduma. In ƙarfen ne ya lanƙwashe, madalla. In waldar ce ta ɓalle, to da sauranka, kuma ba abin kunya ba ne ka kira wanda ya fi ka ya yi maka wuraren da ƙafafu da bel ɗin kujera za su kama.

Wajen ɗaure notuna, akwai kurakurai biyu da sababbin shiga ke yawan yi. Na farko ɗaurewa da ƙarfin damtse. Kowane noti na ƙafa da burki da inji yana da awonsa, sai da sufana mai awo ake cika shi, in an cika kuma a ɗiga masa fenti don a san an gama da shi, in ya motsa daga baya ma a gani. Notin nan mai roba a ciki kuwa, in an kwance shi an gama da shi, sabo ake sawa. Na biyu, ɗaure notunan bushin alhali mota tana rataye a kan jak. A sa su sako-sako, a sauke motar ta tsaya da ƙafafunta, in da hali wani ya zauna a ciki, sa'an nan a cika. In ba haka ba robar tana murɗe tun kafin a fara tafiya, ba za ta yi ƙarko ba.

Batun inji ba sai na tsawaita ba. Mai silinda huɗu, 1300 zuwa 2000cc, ya isa har ya yi yawa. Lotus Seven ta farko da injin Ford na 1172cc ta fito. Na san za a sami abokin da zai ce ka sa mai silinda shida. Kada ka biye masa, nauyin zai rinjayi gaban motar ya ɓata abin da aka yi ta dominsa.

A Ingila ba a hawa titi da irin wannan mota sai ta ci jarrabawar gwamnati da ake kira IVA, wadda ta maye gurbin wata tsohuwa a 2009. Jami'i zai gwada burki ya tabbatar na baya ba ya riga na gaba kamawa, ya auna ƙarar salansa da hayaƙi, ya duba inda bel ya kama, ya duba ko agogon gudu yana faɗin ƙasa da gaskiya. Har wata ƙwallo gare shi mai faɗin milimita 100 da yake bin jikin motar da ita, duk inda ta taɓa baki mai kaifi an faɗi. Ko ba ka Ingila, wannan jerin ya isa ya zama ma'auninka. Kai kuma a gida, ka je wurin jami'an duba motoci da masu ba da lamba tun kafin ka sayi ƙarfe, ka ji abin da za su nema, ka kuma adana rasit na inji da na duk abin da ka saya. Sitiyari a hagu za ka sa, tun da hannun dama ake bi a Nijeriya tun 1972, zanen Turawan kuwa na sitiyarin dama ne, sai ka juya shi.

Saura kula da ita. Babban abokin gabarta tsatsa ce, kuma a ɓoye take ci. Inda alminiyon ya haɗu da baƙin ƙarfe, in ruwa da laka suka kwanta a tsakani, sai alminiyon ya riƙa zama farin gari. An fi samun haka a gefen wurin sa ƙafa da ƙasan shasi. Maganinsa a yi wa shasin fenti sosai kafin a manna fallaye, a shafa abin da zai raba su, a riƙa wanke lungunan nan bayan damina. Man burki yana tsotsar laima daga iska ko motar tana ajiye, don haka a zubar a sa sabo duk shekara biyu. Baƙin mai kuwa a duba shi kafin kowace fita, saboda kaskonsa gajere ne, kuma in aka sha kwana da gudu man yakan kwaranye gefe guda famfo ya ja iska, in ya yi ƙasa ke nan inji ya tafi. Taya ma da wuya ta cinye a wannan mota, tsufa take yi ta bushe, sai a duba shekarar da ke rubuce a jikinta. Iskarta wajen awo 18 zuwa 20 ne kawai. Ka tsaya a kan mai faci da kanka, in ba haka ba zai ɗura mata 40 yadda ya saba, ta riƙa tsalle tana zamewa.

Akwai kuma abin da zanen Ingila bai yi tanadinsa ba. Tsakanin kaskon mai da ƙasa bai fi santimita 10 ba, rami ɗaya ko tudun rage gudu ya isa ya fasa shi, sai ka ɗaga ƙafafun kaɗan ka kuma sa faranti a ƙasa. Lagireton da ya ishe su a sanyinsu ba zai ishe ka a watan Afrilu ba, nemi babba da fanka ta lantarki. Matatar iska ta soso da suke barinta a fili ba za ta iya da ƙurar hunturu ba, yi mata akwati da matata ta takarda. Salansar kuma a gefe take bi, dab da inda ake sauko da ƙafa, a yi mata mayafi, musamman ga mai babbar riga.

Game da ko za ka iya, Malam, wanda ya san Panteka ya san hannu ba shi ne matsala ba. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne tuƙin. Yawancin motocin nan ba su da na'urar hana taya kullewa ko zamewa, in ka taka totur da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ko yashi sai baya ya zagayo gaba. Tsayinta kuma bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, direban tirela ba ya ganinka a madubi. Ka sa ƙarfen kariya a bayan kujeru wanda ya ɗara kanka tsawo, ka sa bel mai kamu huɗu, gwajin farko kuma a yi shi a fili inda babu kowa, a fara da burki kafin gudu. In Allah ya sa ka fara aikin, ka aiko mana da hoton shasin tun kafin ka rufe shi da alminiyon.